Zoben da Ya Rage a Gwangwani

3 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da ka ambata a wasiƙarka ta baya ya sake ka. Yaya aikin madatsar ruwan? Mu nan kowa ƙalau. Uwar yara tana gaishe ka, yaran ma haka. Inna dai gwiwar ce, wata rana ta tashi da sauƙi, wata rana sai an kama ta. Baba yana nan yadda ka san shi, ba ya ciwo, in ma yana yi ba zai faɗa ba.

Maganar babur ɗinsa ce ta sa na rubuto. Ka san shekara talatin da ɗaya ke nan ba wanda ya taɓa sa masa sifana sai shi da kansa, sai kuma kai lokacin da kake gida. To ranar Litinin ta makon jiya na dawo daga makaranta na tarar da rumfa wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Inna ta ce ya kai shi garejin mijin ƙanwarmu Auta. Kuma tura shi ya yi da hannu har can, bai hau ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce injin ne yake shan mai, shi kuma ya gaji da tsuguno. Na rubuta amsar a littafina yadda ya faɗe ta, don ban gane ta ba.

Kwana huɗu ya yi a garejin. Mijin Auta ya sauke inji, ya sa sabuwar sarƙa, ya wanke shi har yana ɗaukar ido. Shi da kansa ya kawo shi ranar Juma'a, da gwangwanin madara cike da tsofaffin kayan da ya cire, ya ajiye a gefen rumfa. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, wannan ban musa ba.

Amma Yaya, hankalina ya ƙi kwanciya, kuma ba ni da wurin da zan sa yatsa in ce ga shi nan. Kukansa ya canza. Da, Baba na karyo kwanar layinmu Inna za ta ce ga shi nan tafe. Jiya har ya tsaya a ƙofar gida ba ta ɗago kai ba. Na faɗa wa uwar yara, ta ce ai dole kuka ya canza tunda gyara aka yi, da kuma bai canza ba da shi ma na rubuta a littafi na hana kaina sukuni. Wataƙila gaskiyarta ce.

Ga abin da ke damuna. Ranar Alhamis 8 ga Mayu Inna za ta koma asibiti. Shekara shida ke nan Baba ne yake kai ta a bayansa, bai taɓa barin wani ya kai ta ba, ita ma ba ta yarda. Ka san hanyar: gangaren bayan kasuwa, sannan kwanar bakin gada inda manyan motoci suke fitowa ba sallama. In wani abu ya kwance a wannan gangaren, Inna ba za ta iya dirowa da gwiwar nan ba.

Kai ka san babur ɗin ciki da waje. Ni littattafan ɗakin karatu na sani, su ma jera su kawai nake yi. Ka rubuto min abin da zan duba, ɗaya bayan ɗaya, kamar kana gaya wa wanda bai san komai ba. Direban da ke kai muku kayan abinci zai tashi ranar Asabar, shi zan ba.

Ƙaninka.

10 ga Afrilu

Akawu,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, a inuwar katafila na karanta ta. Tari ya tafi, ƙurar dutsen da muke fasawa ce. Ka gaishe min da Inna, ka ce ta rage tsayuwa. Ka gaishe da Baba da matarka da yara.

Ashe har yanzu littafin na nan? Ina tuna shekarar da ka rubuta sau nawa akuyar maƙwabta ta shigo gidanmu, ka kai wa Baba, ya ce to sau nawa ka kore ta. Ba tsiya nake maka ba. A wannan karon ka yi daidai. Tsohon babur idan baƙon hannu ya kwance shi, sai an bi shi, ko da mai hannun gwani ne.

Kada ka fara tada shi. Ka ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya tukuna. Ka karya kan zuwa dama har ƙarshe, ka karya hagu har ƙarshe, ka ga ko akwai wayar da take miƙewa tana ja. Sannan ka tada shi ka sake yin haka. In ka ji injin ya ƙara kuka da kansa ba ka taɓa totur ba, to an bi da wayar totur ta inda bai kamata ba. Ka kashe. Ka juya kowace taya da hannu, ka kama birki, ta tsaya cak, ka saki, ta ci gaba ba gurza. Manyan notocin taya da na sandar birki kowanne akwai ɗan fil mai baki biyu da ake zurawa a lanƙwasa, ka ga ko suna nan. Sarƙa ka danna tsakiyarta, ta motsa kamar faɗin yatsa biyu. Ka nemo inda aka haɗa bakinta, akwai ɗan makulli a wurin, rufaffen kansa ne zai kalli inda sarƙar take tafiya. Daga ƙarshe ka shimfiɗa jarida a ƙarƙashinsa, washegari ka ga abin da ya ɗiga.

In ka sami wani abu, kada ka je wa mijin Auta da littafi a hannu. Ka je kamar gaisuwa ta kai ka. Mutum ne mai jin kansa a sana'arsa, in ka ɓata masa rai ƙanwarmu ce za ta ji a jikinta.

Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne Baba ya bar wani ya taɓa babur ɗin. Tayar baya fa, an cire ta gaba ɗaya, ko sarƙar kawai aka zura? Ka gaya min wannan.

Yayanka.

17 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin tari ya tafi. Inna ta amsa gaisuwa, ta ce in ta rage tsayuwa kai za ka zo ka yi mata aikin? Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi na kwana biyu, ya sauka. Baba lafiya.

Na bi abin da ka rubuta ranar Lahadi, Baba ya fita ta'aziyya. Na kwafe shi a littafi, na yi wa kowanne layi. Birki biyu suna kamawa suna saki. Fil ɗin duk suna nan, na ƙirga sau biyu. Jarida ta tashi a bushe, sai ɗigo ɗaya wanda tun muna yara yake ɗiga. Abu biyu na samu. Da na karya kan zuwa hagu injin ya yi gurnani har kajin Inna suka watse. Makullin sarƙa kuma a juye yake. Na tsaya a kansa kusan rabin awa ina juya tayar, don kada ya zama ni ne na juya maganarka.

Na je garejin ba littafi, kamar yadda ka ce. Mijin Auta ya zo gida ya duba, sannan ya yi dariya ya ce wai Yaya Akawu da ko keke sai ya sauka a kwana shi ne yau yake kama bakanike. Ya gyara duka biyun cikin minti goma, har ya yi min godiya. Ban ga alamar ya ji haushi ba.

Amsar tambayarka: eh, an cire tayar baya gaba ɗaya.

Yanzu akwai abin da ban faɗa maka ba a wasiƙar farko, don na ji kunya. Ranar da aka kawo babur ɗin, kafin Baba ya fito, na juye gwangwanin nan a kan jarida. Na ga cewa duk tsohon abin da aka cire, ai akwai sabonsa a jikin babur. Haka kuwa aka yi: tsohuwar sarƙa ga sabuwa, tsohon fulogi ga sabo, har robobi. Abu ɗaya ne ban ga magajinsa ba. Zobe ne na baƙin ƙarfe, babban yatsana yana shiga ciki, kaurinsa bai kai rabin fensir ba. Bai yi kama da kayan kamfani ba, bakinsa duk sawun magagari ne, da hannu aka goge shi. Na sa shi a aljihu da niyyar in tambaya, sai na rasa wanda zan tambaya ba tare da an yi min dariya ba. Yana nan a wurina cikin ambulan. Ga shi na ɗora a kan takardar nan na zagaye shi da biro, ciki da waje.

Ka dubi zanen da kyau. Ina jin ka san shi.

Wani abu kuma, ko da ba shi da muhimmanci. Kullum da safe sai in tarar da Baba zaune a rumfa da gwangwanin a cinyarsa yana juya kayan ciki da yatsu. In na gaishe shi sai ya ture shi ƙarƙashin benci. Na ɗauka kewar tsofaffin kayansa yake yi.

Saura mako uku. Ina jiran amsarka.

Ƙaninka.

1 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu nan muna lafiya. Gwiwar Inna ta kumbura tun shekaranjiya, ba maganar ɗaga ranar asibiti. Baba ya yanke a babban yatsa, ya ɗaure da tsumma, ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ƙofarmu ba ta yanka haka, amma ban ja maganar ba.

Sau biyu direba yana zuwa hannu wofi. Na tambaye shi ko takardar ta ɓata, ya ce a'a, a hannunka ya sa, a gabansa ka buɗe, ka karanta, ka ninke ka sa a aljihu ka koma ƙarƙashin mota. Na gane. Mutum mai kula da injuna irin naku, a aiko masa zanen zobe kamar aikin ɗan firamare. Da ka rubuto ko layi ɗaya ka ce Akawu yar da shi, da na yar, na huta.

Da na ga ba amsa sai na yi abin da ka hana ni. Na ɗauki zoben da littafin na tafi gareji, kuma a gaban masu jiran gyara na fito da su. Mijin Auta ya ce ya tuna da shi sarai, a sandar tayar baya ya same shi, an cusa shi kusa da na kamfani. Ya ce ba kayan babur ɗin ba ne, ya kwance irin wannan babur ya fi ɗari bai taɓa ganin mai zobe biyu a wurin ba, shi kuma yadda kamfani ya tsara haka ya mayar. Na ce to me ya sa aka sa shi tun farko. Nan ransa ya ɓaci.

"Yaya Akawu," in ji shi, "in kana ganin zan kashe surukaina ne, ka faɗa a fili mutane su ji."

Na mayar da zoben aljihu na tafi. Jiya Auta ta zo gida, ta gaishe da kowa, ni ta ce min sannu kawai tana kallon bango.

Duk da haka ban iya bari ba. Na lura duk gwajin da aka yi, babur ɗin ba kowa a bayansa. Baba ma shi kaɗai yake hawa, daga gida zuwa bakin kasuwa ya dawo, a hankali kamar mai tallar ƙwai. Inna kuwa ka san jikinta. Ranar Talata da ya tafi aski na cika buhu da yashi na ɗaure a kujerar baya, na shafa alli a gefen tayar, na hau na gangara layinmu ba tare da na tada inji ba. Allin gefen hagu ya goge, na same shi a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar. Na sake, ya goge. Na sake na uku, bai goge ba. Yanzu ban sani ba, tayar ce take karkacewa in ta ji nauyi, ko ni ne ban iya ɗaure buhu ba.

Na yi ƙarfin hali na ce wa Baba ko ranar Alhamis a nemi mota, tunda gwiwar ta kumbura. Bai ko juyo ba.

"Uwarka ce ta ce maka na taɓa yar da ita?"

Na ce a'a. Ya ce to.

Saura kwana bakwai. Na yi tunanin in ɓoye makullin babur ɗin, na yi tunanin in cire fulogi in ce ban sani ba. In na yi haka kuma ashe ba komai, na wulaƙanta Baba a gidansa, na ɓata da mijin Auta a banza. In ban yi ba kuma ashe akwai wani abu, gangaren nan ne da Inna a baya. Ba na neman doguwar wasiƙa. Ka ce min zoben yana da aiki ko ba shi da shi.

Ƙaninka.

4 ga Mayu

Akawu,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Ka yi wa Inna sannu.

Kada kowa ya hau bayan babur ɗin. Na fara da wannan don ko ba ka karanta sauran ba. Zoben yana da aiki. Allinka bai yi ƙarya ba.

Ba raina ka na yi ba. Da na buɗe wasiƙarka na ga zanen, na ga ka rubuta kana jin na san shi, sai na ɗauka ka gano, kana so ne in faɗa da bakina. Na ce wato Akawu ya buɗe tsohon littafi ya haɗa kwanan wata. Na ji haushi, sannan na ji kunya. Sau uku ina fara amsa ina yagawa. Na ce wa kaina akwai sauran lokaci, motar gaba zan aika. Sai da wasiƙarka ta jiya ta zo na gane ba ka san komai ba, tambaya kawai kake yi, ni kuma na bar ka mako biyu kana ɗaure buhun yashi.

Ga abin da ya faru. Shekara ashirin da biyu ke nan, lokacin da Baba ya yi tafiyar mako guda jinyar ƙaninsa, kai kana makarantar kwana. Na ɗauki babur ɗin ba izini, na goya wani abokina, muka faɗa kwalbati a kwanar bakin gada. Mu ba mu ji ciwo ba. Ƙarfen da ke riƙe tayar baya ne ya buɗe ta gefen sarƙa. Na kai shi garejin da nake koyon aiki, na danne shi da bututu iya ƙarfina, ya dawo amma bai dawo duka ba. In aka ɗaure notin haka nan, tayar sai ta ɗan kwanta, ba a gani sai ta ɗauki nauyi. Shi ne na yanko zobe na cike gurbin. Na goge ko'ina, na mayar da shi rumfa. Baba ya dawo ya hau bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba, har yau.

Mijin Auta bai yi kuskure ba. Ya haɗa babur mai lafiya ne, namu kuwa gurgu ne ba wanda ya gaya masa. Zoben gefen sarƙa yake zama, tsakanin na kamfani da ƙarfen. Ka ba shi haƙuri a madadina, ka ce ya mayar.

Baba kuma, ka miƙa masa wasiƙar nan ya karanta da kansa. Na kai shekara arba'in da shida ina tsoron abin da na yi ina saurayi, ya isa haka.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ka ce na baƙin ƙarfe ne. Ni daga bututun jan ƙarfe na yanko nawa. Wataƙila mai da datti ne suka rine shi, ka kankare ka gani.

Na roƙi direba ya taso Talata, kada ya jira ƙarshen mako. Allah ya sa ta riske ka kafin Alhamis.

Yayanka.

9 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Inna ta je asibiti jiya ta dawo, an zuƙe ruwan gwiwar, an canza mata magani. Na sa wannan a farko don ka sami natsuwar karanta sauran.

Wasiƙarka ta zo Laraba da rana. A ɗakin karatu na karanta ta, na rufe ɗakin tun lokaci bai yi ba, abin da ban taɓa yi ba. Na kankare zoben da wuƙa a hanya. Baƙin ƙarfe ne har ciki.

Na tarar da Baba a rumfa, na miƙa masa takardar na ce daga wurinka take. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen haske. Sannan ya miƙo min ya ce rubutunka ya lalace, in karanta masa. Yaya, rubutunka bai lalace ba. Na karanta tun daga sallama har ƙarshe. Ban ga fuskarsa ta motsa ba ko a wurin kwalbatin. Da na gama abin da ya ce kawai shi ne, "Ina zoben?"

Na zaro shi daga ambulan na sa masa a tafin hannu. Bai kalle shi ba, da yatsu ya zagaye bakinsa.

"Tun yaushe yake wurinka?"

Na ce tun ranar da aka kawo gwangwanin.

Sannan ya sunkuya ya jawo wani ƙunshin tsumma daga ƙarƙashin benci ya kwance. Zobba biyar ne a ciki, sababbin yanka, kowanne a karkace, ɗaya da busasshen jini a jiki. Mako shida ke nan yana neman wanda ke aljihuna, da bai samu ba ya koma yanka wani da zarto, hannun yana tafiya, idon ba ya bin sa.

Ya ce naka bai cika shekara biyu ba ya murƙushe, jan ƙarfe ba ya jure ɗauri. Wannan shi ne na uku da ya yanka da kansa. Ya ce ranar da ya dawo daga tafiyar nan bai kai ƙarshen layi ba ya ji babur ɗin ba yadda ya bar shi ba, ya kwance tayar ya gani. Na tambaye shi me ya hana shi yi maka magana. Ya ce yaro ya yi ɓarna ya zauna ya gyara da hannunsa, gyaran kuma ya yi hankali, me ya rage a faɗa. Bai gaya wa mijin Auta ba don ba ya so a ji labarinka a gareji. Niyyarsa a kawo babur ya lalubo zoben ya mayar ba wanda ya sani.

Na ce Baba da ka tambaye ni. Ya ce, "Kai da ka tambaye ni fa?"

Na tambayi littafi, na tambaye ka, na tambayi mijin Auta a gaban jama'a, na tambayi buhun yashi. Mai babur ɗin yana zaune taku uku daga ɗakina da gwangwani a cinya, har na rubuta hakan, ban tambaye shi ba.

Na je gareji na ba mijin Auta haƙuri a gaban waɗanda suka ji na farko. Na ce tsohon rauni ne a ƙarfen, ban ambaci sunanka ba. Ya zo da kayan aikinsa yana cin magani. Da ya sassauta notin ya ga gurbin ya buɗe, sai ya cire hula ya sosa kai. Baba yana tsugune a gefensa yana gaya masa inda zai sa, da hannu yake nuna masa. Na ɗaure buhu na gangara layi sau uku, alli bai goge ba ko sau ɗaya. Mijin Auta ya ce in ƙara na huɗu don littafi ya cika. Ina jin mun shirya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai na shiga wurin Inna na tambaye ta ko ta san idon Baba ya taɓu. Ta ci gaba da ninke kaya, ta ce ya fi shekara. Idon dama kamar hayaƙi, na hagu yana biye. Na ce to yaya kuke zuwa asibiti? Ta ce ita take gaya masa hanya a kunne. Ga rami, ga mai kura, dakata mota na fitowa. Ta ce sau tara suna zuwa a haka ba abin da ya same su, kuma kada in kuskura in karya masa zuciya.

Yaya, mako biyar ina bin noti da fil.

Jiya da safe ya fito da shirinsa. Ya goge kujera, ya hau, ya tada inji, ya saurara. Ni ina tsaye da makullin ɗakin karatu a hannu, na shirya magana tun asuba ta ƙi fitowa. Aka kamo Inna har bakin rumfa. Ya juya yana neman inda take, tana tsaye a gabansa cikin farin mayafi, sai da ta yi magana ya daidaita fuskarsa gare ta. Ina jin shi ma ya lura na gani. Ya zauna haka injin yana aiki. Sannan ya sauka, ya riƙe kan babur ɗin, ya ce in zo.

"Kai ka kai ta. Kai ne ba ka yarda da abu sai ka duba sau uku."

Rabona da hawa babur da mutum a baya na manta. Na yi gangaren bayan kasuwa a giya ta biyu, ƙafata a kan birki, rigata ta jiƙe. Inna kuwa tun daga ƙofar gida bakinta yana kunnena: ga rami, ga mai kura, dakata mota na fitowa. Ina ganinsu sarai, ban hana ta ba.

Na tambaya a asibitin, ranar Talata suke duba ido. Na gaya masa, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ka rubuto masa, shi kaɗai, ba ta hannuna ba. Kada ka damu da kyan rubutu, ni zan karanta masa.

Da muka dawo yana zaune a benci a ƙofar gida, fuskarsa tana kallon kwanar layi. Tun kafin mu iso ya miƙe. Ya taimaka aka sauke Inna, ya shafa tayar baya, ya ce ina riƙe kuloci da yawa a kwana, zan cinye shi. Na kashe inji na miƙa masa makullin. Ya juya ya bi Inna ciki. Ban sani ba ko bai ga hannuna ba ne, ko ya gani. Makullin yana nan a ambulan ɗin da zoben ya zauna.

Ƙaninka.